Bitar aikin kamfanin da ya yi jigilar karenmu daga Kaduna zuwa Ingila

Na yi wata shida ina ɗage rubuta wannan bita, domin ina so zafin kuɗin da na kashe ya huce tukuna kada in zalunci mutanen da suka yi mini aiki, kuma kada murnar ganin karen ya iso lafiya ta sa in kau da kai daga kurakuransu. Kamfanin ƙarami ne, ofishinsa yana Abuja, sana'arsa shirya takardu da jigilar karnuka da kyanwoyi ga masu ƙaura zuwa ƙasashen waje. Ba zan kama sunansa ba tunda akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, amma wanda ke shirin irin wannan tafiya zai iya auna duk kamfanin da ya samu da abin da ya faru da mu.

Ni ma'aikacin jinya ne, na samu aiki a wani asibiti a Manchesta. Karenmu Barde ruwa biyu ne, uwarsa 'yar gida, ubansa irin karnukan Jamus masu tsayayyun kunnuwa, kuma a lokacin yana da shekara biyar da nauyin kilo 32. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya kawo shi yana ɗan kwikwiyo domin gadin gida sa'ad da ɓarayi suka addabi unguwarmu, ya kuma girma tare da 'yata har ta kai ba ta shiga motar makaranta sai ya raka ta bakin ƙofa. Da labarin tafiyar ya bazu a dangi, ƙanena ya kira ni yana dariya ya ce, "Haba Yaya, mutane suna fafutukar kuɗin jirgi, kai kana nema wa kare biza?" Ban ga laifinsa ba. Na nemi wanda zai karɓe shi, sai dai babban kare da ya saba da gida ɗaya ba kowa ke iya riƙe shi ba, kuma duk wanda ya zauna a yankinmu ya san cewa karen da ya rasa mai shi yakan bi hannun dillalai har ya ƙare a kasuwar karnuka irin ta Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke a Filato. Wannan tunani ne ya kai ni ofishin kamfanin.

Na shiga da zaton cewa abin da zan saya shi ne wuri a cikin jirgi, sai na tarar cewa ainihin hajarsu ƙidayar kwanaki ce. Matar da ke shugabantar ofishin ba ta fara da maganar farashi ba. Ta tambaye ni ranar da nake son tashi, da irin karen, da ko an taɓa sa masa maikurocip, wato 'yar ƙwayar nan mai girman ƙwayar shinkafa da ake cusawa ƙarƙashin fata tsakanin kafaɗu, mai ɗauke da lamba 15 da na'ura ke karantawa. Na ce ba a sa ba, amma na miƙa mata katin rigakafinsa da alfahari, domin shekara biyar ban taɓa tsallake allurar haukan kare ba. Ta duba katin, ta mayar mini, ta ce, "Yallaɓai, ka yi ƙoƙari, amma a wurin Turawa wannan katin ba na kowane kare ba ne, tunda babu lambar da ta ɗaure shi da Barde." Ƙa'idar Ingila ita ce a sa maikurocip kafin allurar ko tare da ita, kuma duk allurar da ta riga shi ba ta shiga lissafi. A ranar na ji haushi, amma daga baya na gane cewa wannan magana ɗaya ta cece ni daga asarar da ta fi abin da na biya su, domin karen da ya sauka da takardun da ba su cika ba ana iya killace shi har tsawon wata huɗu a kan kuɗin mai shi, ko a mayar da shi inda ya fito.

Tambayarta a kan irin karen ma ba ta banza ba ce. Dokar karnuka masu haɗari ta 1991 ta haramta wasu nau'o'i a Ingila, daga ciki akwai Pit Bull da Tosa na Japan da Dogo Argentino da Fila Brasileiro, sannan aka ƙara XL Bully a ƙarshen 2023, kuma da siffar kare ake hukunci, ba da abin da aka rubuta a katinsa ba. Ta sa na aiko da hotunansa ta gaba da ta gefe kafin ta karɓi ko kwabo, abin da na ɗauka alamar gaskiya ce a sana'a.

Wanda bai san dalilin wannan tsanani ba zai ɗauka wulaƙanci ne kawai ake yi wa masu zuwa daga Afirka. A matsayina na ma'aikacin lafiya ba zan iya faɗin haka ba. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi ya nuna cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum da wuya ƙwarai ya tashi. Ingila ta kawar da shi daga karnukanta tun 1922, kuma har zuwa shekarar 2000 kusan kowane kare da ya shigo ƙasar sai ya yi wata shida a killace. Tun farkon 2012 ne aka ba karnukan ƙasashe irin tamu, waɗanda ba sa cikin jerin ƙasashen da aka sassauta wa, damar shiga ba tare da killacewa ba, da sharaɗin gwajin jini da jira.

Ga yadda lissafin yake, kuma a nan ne kamfanin ya nuna gwaninta. Bayan an sa maikurocip an yi sabuwar allura, sai a jira aƙalla kwana 30 kafin a ɗebi jini. Jinin sai an gwada shi a ɗakin gwajin da hukumomin can suka amince da shi, kuma sai ƙarfin garkuwar da ke cikinsa ya kai 0.5 IU, wato ma'aunin da ake auna garkuwar da shi, a kowane mililita. Daga ranar da aka ɗebi jinin, ba ranar da sakamako ya fito ba, sai a ƙirga wata uku cur kafin karen ya taka ƙasar. Ke nan ko komai ya tafi daidai ana buƙatar wata huɗu, ni kuwa saura mini mako bakwai in fara aiki. Akwai kuma wata ƙa'idar da ta ce dole kare ya iso cikin kwana biyar kafin ko bayan isowar mai shi, in ba haka ba a ɗauke shi a matsayin dabbar kasuwanci, wadda ke da nata sharuɗɗa masu wuya. Tun a zaman farko matar ta hango wannan tarko, ta tambayi yaushe iyalina za su biyo ni, da ta ji cewa sai bayan 'yata ta gama zangon karatu, ta ba da shawarar a rubuta sunan matata a matsayin mai karen tun daga takardar maikurocip har zuwa ta ƙarshe. Ta kuma buga mana jadawali a takarda ɗaya, kowane mataki da ranarsa, wanda matata ta manna a jikin firij. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma da na zo musu saura wata guda iyalina su tashi, da babu dabarar da za ta yi aiki.

Likitan dabbobin da suke aiki da shi ya zo har gida Kaduna sau biyu. Na lura da hannunsa da idon wanda shi ma allura ce sana'arsa, ban kuwa ga abin kushewa ba: ya karanta maikurocip ɗin da na'ura kafin ya yi allurar, ya ɓare tambarin kwalbar mai lambar rukunin maganin ya manna a kati, ya rubuta ranar ƙarewar aikinta. Jinin kuma a kwana na 32 ya ɗiba, ya ce gara a ƙara kwana biyu da a tsaya gardamar ko ranar allura tana cikin lissafi. An tace ruwan jinin aka aika da shi cikin sanyi zuwa wani ɗakin gwaji a Afirka ta Kudu, sakamako ya dawo bayan kusan mako huɗu, kuma ya haye abin da ake nema. Da bai haye ba, da sai an sake allura an koma farkon ƙidaya, abin da suka gaya mana tun kafin a ɗebi jinin. Shi ne kuma ya ba da shawarar a fara yaƙi da kaska tun da wuri, ko da yake ba ya cikin sharuɗɗan shiga, domin cututtukan jini da kaska ke sa wa karnukanmu sukan kwanta a jiki sai wahalar tafiya ta tayar da su.

Maganar keji ta ba ni dariya da takaici a lokaci guda. Ƙa'idojin ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, sun ce dole kare ya iya tsayawa sosai a cikin kejinsa, ya juya, ya kwanta yadda ya saba, kuma ga karen da kunnuwansa ke tsaye, daga ƙasa zuwa tsinin kunne ake auna tsayi. Da Barde ya gado kunnuwan uwarsa masu lanƙwasa da keji matsakaici ya ishe shi, amma ya ɗauko na ubansa, sai da aka koma mafi girma, mai tsawon santimita 122 da faɗin 81 da tsayin 89. Su kuwa masu jigilar kaya ta sama ba nauyin sikeli kaɗai suke dubawa ba, suna ninka tsawo da faɗi da tsayi su raba da 6,000, duk wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin gaske shi za a biya. Da wannan lissafi karen da bai wuce kilo 32 ba ya zama kayan kilo 147. Matata ta ce ba ta taɓa ganin kunnuwa masu tsada irin waɗannan ba. Kamfanin ya kawo kejin wata biyu kafin tafiya, ya ce a riƙa sa masa abinci a ciki, daga baya a riƙa rufe shi na ɗan lokaci ana ƙarawa a hankali har ya iya kwana, kuma da na tambaya ta waya ko za a ba shi maganin barci ranar tafiya, likitan ya ƙi fir, ya bayyana cewa irin waɗannan magunguna suna saukar da bugun jini, kuma a sama babu mai lura da shi in numfashinsa ya sauya. Wannan ma daidai ne, kuma jiragen da kansu ba sa son karɓar dabbar da aka bugar.

Zuwa nan yabo nake yi, kuma sun cancanta. Inda muka saɓa shi ne kuɗi.

Takardar farashin da suka ba ni da farko ta ƙunshi aikin likita da gwajin jini da keji da takardun gwamnati da kuɗin jirgi da ladan aikinsu, aka ja layi a ƙasa aka rubuta jimla. Duk mai hankali da ya ga kalmar jimla zai ɗauka magana ta ƙare. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ingila ba ta yarda kare ya shigo ta jirgin sama a cikin ɗakin fasinjoji ko a matsayin jakar matafiyi ba, in ban da karnukan da ke yi wa naƙasassu jagora, dole sai ta sashen kaya da takardarsa ta daban, kuma ta hanyar jirgin da hukuma ta amince da shi. Ma'anar wannan ita ce akwai wani wakili a Landan da zai shigar da bayanansa ga kwastan, akwai kuɗin cibiyar karɓar dabbobi ta filin jirgin Heathrow, akwai kuɗin sauke kaya, kuma dukkansu da fam ake biya. Ba a gaya mini ko ɗaya daga ciki ba sai saura mako uku, lokacin da wata takarda ta shigo mini daga wakilin da ban taɓa jin labarinsa ba, da adadin da ya kusa kashi ɗaya cikin uku na abin da na riga na biya. Da na kira Abuja, amsar da na samu ita ce ai wannan kuɗin ba aljihunsu zai shiga ba, shi ya sa ba su rubuta ba. Ban karɓi wannan hujja ba a lokacin, har yanzu ma ban karɓa ba. Wanda ya san kwana nawa ne tsakanin allura da ɗiban jini ya san cewa akwai kuɗin sauka, kuma ɓoye shi har sai abokin ciniki ya yi nisan da ba zai iya juyawa ba dabara ce ta sa farashi ya yi kyan gani. Da aka tattara komai, jigilar Barde ta fi tikitin matata da na 'yata a haɗe tsada. Da na san haka tun farko wataƙila da na yi tafiyar da shi duk da haka, amma da na yi ta da shiri, ba da rancen da na ci daga abokin aiki a watana na uku a baƙuwar ƙasa ba.

A kan harajin kwastan ma sun yi sakaci. Mai ƙaura zuwa Ingila yana iya neman sassaucin da ake kira ToR daga hukumar haraji ta ƙasar, wanda ke ba shi damar shigo da kayansa na gida, har da dabbarsa, ba tare da biyan harajin kashi 20 cikin ɗari ba, muddin ya zauna a wajen ƙasar aƙalla wata 12 a jere. Ta intanet ake nema, kyauta ne, amma lambar amincewa tana ɗaukar lokaci kafin ta fito. Wakilin Landan ne ya tambaye ni lambar, ni kuwa ban taɓa jin sunanta ba. Allah ya taimaka ta fito kafin ranar tafiya. Abu ne da ya kamata ya kasance a jadawalin nan na jikin firij tun ranar farko.

Kuskure mafi girma ya zo a makon ƙarshe, inda kwanaki suka fi matsewa. Takardar lafiya ta shiga Ingila, wadda likitan gwamnati ke sa wa hannu, kwana 10 kawai take aiki. A cikin wannan tazara kuma dole likita ya ba kare maganin tsila mai sinadarin praziquantel, ba ƙasa da awa 24 ba kuma ba fiye da awa 120 ba kafin ya sauka, a rubuta sunan maganin da kamfanin da ya yi shi da rana da ƙarfe nawa. An kai Barde Abuja ranar Lahadi, aka ba shi maganin ranar Litinin da ƙarfe goma na safe, aka kammala takardu, da nufin ya tashi ranar Laraba a jirgi ɗaya da iyalina. Da yammacin Talata matata ta kira ni muryarta na rawa, ta ce an ce kare ba zai tashi ba. Abin da ya faru shi ne jirgi ba ya ɗaukar dabba zuwa Heathrow sai wakilin can ya duba kwafin takardu ya aiko da izini, ma'aikacin da aka ɗora wa aika kwafin kuwa ya manta da shafin sakamakon jini, bai kuma duba saƙon da aka aiko ana tambayarsa ba sai da lokaci ya ƙure. Wuri na gaba da aka samu ranar Lahadi ne. Awa 120 na maganin tsila za su cika ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, ke nan maganin ya tashi a banza, sannan daga Laraba zuwa Lahadi kwana huɗu ne, saura kwana ɗaya tak a karya ƙa'idar kwana biyar.

Adalci ya sa in faɗi yadda suka gyara. Shugabar ofishin ta kira ni da kanta a daren, ba ta ɗora wa jirgi ko wakili laifi ba, ta ce, "Yallaɓai, daga wurinmu ne, kuma mu za mu ɗauki nauyinsa." Sun sake ba shi magani ranar Juma'a, sun sake fitar da sabuwar takardar lafiya da sa hannun likitan gwamnati, sun riƙe shi a wurinsu kwana huɗun, duk ba su nemi ƙarin ko sisi ba. Wani matashi ma'aikacinsu ya riƙa aiko wa 'yata hoton karen safe da yamma ta WhatsApp, abin da ba ya cikin yarjejeniya, kuma shi ne ya sa yarinyar ta daina kuka a kwananta na farko a Manchesta, inda take ta tambayata, "Abba, ko sun fasa kawo shi ne?" Duk da haka, kwanaki huɗun nan ban yi barcin kirki ba, domin da jirgin Lahadi ya samu wata matsala da sai labari ya sha bamban.

Ranar Lahadi jami'an hukumar killace dabbobi da kayan gona ta ƙasa, NAQS, suka duba shi da takardunsa a filin jirgin Nnamdi Azikiwe, aka ɗaure kejin, aka manna masa alamar dabba mai rai da 'yar jakar abinci a sama. Kamfanin ya daskarar da ruwa a kwanon da ke maƙale da ƙofar kejin domin kada ya zube lokacin lodi, ya narke a hankali a hanya, aka kuma shimfiɗa masa tsohon zanen matata saboda ƙanshin gida. Tafiyar awa shida ce da 'yan mintoci, a ɓangaren kayan da ake daidaita iska da ɗumi. A Heathrow motar cibiyar karɓar dabbobi ce ke ɗauko su daga jirgi, a fito da su daga keji, a ba su ruwa, a karanta maikurocip a gwada da kowace takarda, sannan a jira sakin kwastan. Na yi awa biyar a ɗakin jira tare da wasu iyalai, kowa ya zuba wa ƙofa ɗaya ido. Da aka fito da shi ya yi tsaye yana kallona kamar mai tantama, tunda wata uku rabonsa da ni, sai da na kira sunansa ya saki wani kuka da ban taɓa jin ya yi ba. Ya ɗan rame, muryarsa ta dishe, amma ƙalau yake, kuma jami'ar da ta miƙo mini takardunsa ta ce komai ya cika.

Akwai abubuwan da ba aikin kamfanin jigila ba ne a zahiri, amma wanda ya karɓi kuɗi mai yawa haka ya kamata ya yi wa abokin cinikinsa gargaɗi a kansu ko da a shafi ɗaya ne. Na farko gidan haya: masu gidaje da yawa a Ingila ba sa son mai kare, kuma na ga gidaje da dama sun kuɓuce mini kafin in samu mai ɗan fili a baya, da ƙarin kuɗi a kan hayar wata. Sannan doka ta wajabta wa kare abin wuya mai sunan mai shi da adireshi idan ya fita, dole a yi rajistar lambar maikurocip ɗinsa a ɗaya daga cikin rumbunan bayanan da gwamnati ta amince da su, kuma wanda ya bar kashin karensa a hanya tara ce ke jiransa. Asibitin dabbobi ba kyauta ba ne, saɓanin na mutane a can, shi ya sa mutane da yawa ke biyan inshora. Abin da ya fi ba mu wahala shi ne halin Barde kansa: kare ne da aka raina a kan cewa duk baƙon da ya doso ƙofa abin zargi ne, ga shi a ƙasar da ɗan aiken gidan waya ke zura hannu ta ramin ƙofa kullum, kuma haushi da dare yana iya jawo ƙarar maƙwabta. Sai da muka biya mai horarwa na wasu makonni. Sanyi kuwa bai dame shi yadda muka ji tsoro ba, jinin ubansa ya yi masa rana.

Wata abokiyar aikina da ke shirin tafiya Amurka ta tambaye ni ko lissafin ɗaya ne, na ce mata a'a, kuma wannan ma ma'auni ne na gane kamfanin da ya san aikinsa. Tun 1 ga Agusta 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce sai kare ya kai wata shida, kuma wanda aka yi wa rigakafi a ƙasa mai haɗarin cutar irin Najeriya dole ya sauka a filin jirgin da ke da cibiyar kula da dabbobi mai rajista da hukumar, a kama masa wuri tun kafin ya taso, in babu ingantaccen gwajin jini kuma a killace shi kwana 28. Ƙasashen Tarayyar Turai suna da gwajin jini da jiran wata uku kamar Ingila, amma yawancinsu ba sa neman maganin tsila, kuma ana iya shiga da kare a matsayin kayan matafiyi, abin da ke rage tsada sosai. Kamfanin da ya ba ka amsa iri ɗaya ga kowace ƙasa, ka tashi ka bar ofishinsa.

Hukuncina a kan wannan kamfani shi ne zan iya tura ɗan'uwana wurinsu, amma ba zan tura shi hannu sake ba. A sanin ƙa'ida da kula da dabba sun kai inda ake so, a bayyana kuɗi sun gaza, a bin diddigin takardu a makon ƙarshe kuma sun yi sakacin da ya kusa rusa aikin wata huɗu, ko da yake sun amsa laifinsu sun biya. Wanda zai je musu ya nemi a rubuta masa kuɗin sauka da fam tun ranar farko tare da sunan wakilin da zai karɓi karen, ya nemi lambar ToR da kansa da zarar bizarsa ta fito, ya kuma dage a tura masa kwafin izinin wakilin Landan kafin a ba kare maganin tsila, ba bayansa ba. Ga mai zuwa Ingila, yin aikin ba tare da kamfani ba yana da wuya, tunda sashen kaya na jiragen sama ya fi son hulɗa da wakilai, amma jadawalin kwanaki abu ne da mai kare zai iya riƙewa a hannunsa ya riƙa tuntuɓa, kada ya sakar wa kowa.

Likitar dabbobin da muka yi wa Barde rajista a wurinta a Manchesta ce ta gaya mini wani abin da kamfanin bai ambata ba: sakamakon gwajin jinin nan yana ci gaba da aiki muddin ba a bar allurar haukan kare ta ƙare ba tare da an sabunta ta a kan lokaci ba, ko da yake karnukan da ke zaune a Ingila ba a wajabta musu ita ba. In aka yi sakaci ta ƙare, sannan wata rana muka je da shi Kaduna muna son dawowa, sai an koma kwana 30 da wata uku daga farko. Na rubuta ranar sabuntawar a bangon katinsa, na haɗa da asalin takardar sakamakon na ajiye tare da fasfo ɗinmu. Kejin kuma yana nan a ɗakin ajiya ya cinye rabin wurin, matata tana so a sayar, ni kuwa na ce a dakata tukuna.